Mai Son Buɗe Rumfar Loto Ya Fara Yin Lissafi

Duk wanda ya ratsa Agege ko Idi-Araba ko Obalende a Ikko, ko kuwa ya zaga kasuwannin Badun da Shagamu, ba zai rasa ganin 'yan ƙananan rumfuna da allo a ƙofa an jera lambobi a kai ba. Waɗannan su ne rumfunan sayar da tikitin cacar loto, wadda a nan Kudu aka fi sani da Baba Ijebu, watau laƙabin Cif Kessington Adebutu, wanda ya kafa kamfanin Premier Lotto a 2001. Saurayin da ya baro Arewa neman abinci, ya gaji da dako ko gadin dare, in ya ga mai rumfa zaune a inuwa kuɗi na ta shigo masa, ba abin mamaki ba ne ransa ya biya. To, kafin ya kwashi abin da ya tara ya tafi neman takarda, akwai abubuwan da ya kamata ya sani.

Na farko shi ne, mai rumfa wakili ne kawai. Kamfani ne ke riƙe da lasin na gudanar da cacar. Shi wakili galibi zai cika takardar nema, ya ba da hotonsa da shaidar ɗan ƙasa, ya nuna wurin da zai kafa rumfa, ya kawo mai tsaya masa, ya kuma ajiye kuɗi, sa'an nan a ba shi na'urar buga tikiti. Ladansa kamasho ne a kan abin da ya sayar. Kuɗin haya da na wuta da asarar sata duk a wuyansa suke.

Na biyu, doka ta sake. A da akwai dokar loto ta Gwamnatin Tarayya ta 2005 da hukumar da aka kafa a ƙarƙashinta. Amma ran 22 ga watan Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Ikko da waɗansu jihohi suka shigar tun 2008, ta ce sha'anin loto da caca na jihohi ne, dokar Tarayya kuwa ba ta aiki sai a Birnin Tarayya, Abuja. Saboda haka a Ikko hukumar loto da caca ta jihar, wadda dokar 2021 ta kafa, ita ce mai faɗa a ji. Duk wanda ya zo da takarda mai tambarin Abuja ya ce ta isa a buɗe rumfa a Mushin ko a Fatakwal, to, a bincike shi. In kamfanin ba shi da izinin jihar, ran da ma'aikata suka zo rufe wuri, mai rumfa za su tarar, shi za su tafi da shi.

Na uku, kuma shi ne babba, lissafin cacar kanta. Lambobi 90 ne, ana fid da 5. Wasan da aka fi yi shi ne mutum ya zaɓi lambobi biyu, in duka biyun suka fito a biya shi ninki 240, watau Naira 100 ta zama Naira 24,000. Ga mai ji da kunne wannan garaɓasa ce. Amma a cikin lambobi 90 ana iya haɗa biyu-biyu har iri 4,005, cikinsu kuwa 10 kaɗai ke ci a kowane zagaye. Da wani zai sayi dukansu a kan Naira 100 kowanne, zai kashe Naira 400,500, abin da zai dawo masa Naira 240,000 ne. Ashe ke nan a cikin kowace Naira 100 da aka zuba, wajen Naira 40 ba ta komawa hannun masu wasa. Mai zaɓen lambobi uku ya fi shan kashi, gama ninki 2,100 ake biya, alhali sau ɗaya ake ci cikin 11,748. Lambobin da ake rubutawa a allo da sunan hasashe ba su rage kome daga wannan lissafi, domin abin da ya fito jiya ba ya jawo abin da zai fito yau.

Daga cikin wannan kason da ba ya dawowa ake biyan wakili kamashonsa. Wa zai zuba kuɗin? Bahaushen da ya buɗe rumfa a zango ba baƙi ne za su cika masa ita ba. Masu jin harshensa ne za su zo: ɗan dako daga kasuwar Mile 12, da mai ga-ruwa, da mai wankin takalmi, da yaron mahauta daga Agege. Kuɗin da za su ajiye masa kuwa su ne waɗanda ake jira a Katsina da Sakkwato da Azare don sayen taki da biyan kuɗin asibiti.

Har ila yau akwai maganar bashi. Ɗan garinsu zai zo ya ce a buga masa, gobe ya kawo. Kunya ba ta barin a hana. Ita na'ura kuwa ba ta san kunya ba. Duk tikitin da ta buga ya shiga lissafin kamfani, wakili ne zai cika. In ya gaza, a ci ajiyarsa, a kuma nemi wanda ya tsaya masa, wanda sau da yawa dattijo ne da ya sa hannu don zumunci.

Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan amana ya tsaya. Fatake kan sauka gidan maigida, a ba da kaya bashi ba tare da takarda ba, don an san halin mutum. Wannan amana ita ce jarin ɗan Arewa a Kudu har gobe. Wanda aka sani da cin abinci daga asarar 'yan'uwansa, da wuya a sāke damƙa masa ajiya.

Ga Musulmi kuwa, hukuncin caca a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, lasin na gwamnati bai kankare shi ba. Sana'ar ma ba ta bin mutum gida. A jihohin Arewa masu aiki da shari'ar Musulunci caca laifi ce, a watan Oktoba na 2024 kuwa Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a rumfar loto zai koma gida ba sana'a a hannunsa.

Ya kamata Sarakunan Hausawa da limaman zango da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su riƙa bayyana wa samari wannan lissafi a fili, dattawa kuma su daina sa hannu a takardar da ba a karanta musu ba. Kuɗin da za a ajiye don na'urar loto, in an sa su a tireda ko teburin shayi ko kayan gwari, ribar ba ta da yawa, amma mai saye yana tafiya da abin da ya biya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya ba kowa abin yi na halal, Ya kuma mai da matafiya gida lafiya.