LAFIYA UWAR JIKI: Ɗori ya kama, saura hannu ya lanƙwasu

Ɗan kasuwa ya faɗo daga babur, ya tokare ƙasa da tafin hannu, gwiwar hannunsa ta goce. Aka mayar da ita, aka ɗaure, aka rataye hannun a wuya. Bayan wata biyu aka kwance ɗaurin, ciwo ya tafi, ƴan'uwa suka yi ta barka. Sai da aka kawo tuwo ya gane da sauran aiki: loma ba ta kai baki, hannun kuma ba ya miƙewa balle ya auna yadi. Haka take faruwa ga ma'aikacin ofis, wanda juya mabuɗi ko ɗaukar kundi yakan gagare shi.

Gwiwar hannu mahaɗar ƙasusuwa uku ce: ɗaya ya sauko daga kafaɗa, biyu sun nufi wuyan hannu. Wani tantani mai ƙarfi ne ya lulluɓe su. Idan gaɓar ta daɗe ba motsi, tantanin yakan yi kauri ya takure, kamar ɗanyar fatar da aka bari a rana. Cikin gaɓoɓin jiki, gwiwar hannu tana daga cikin masu saurin sandarewa. Shi ya sa idan gocewa ce kawai ba tare da karaya ba, likitoci ba su son ɗauri ya wuce sati 3, sau da yawa ma sukan sa a fara motsi tun cikin sati na farko ko na biyu. Karaya kuwa hoton ƙashi ne yake nuna lokacin da ya dace, likita ne kuma mai yanke magana.

Lafiyayyen hannu yana lanƙwasuwa daga miƙe sak har wajen digiri 145. A shekarar 1981, likita Bernard Morrey da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka sun auna abin da ayyukan yau da kullum suke bukata, suka tarar mafi yawansu suna yiwuwa tsakanin digiri 30 da 130, tare da juya tafi digiri 50 sama da 50 ƙasa. Ashe wanda hannunsa ya rage kaɗan ya miƙe bai yi asara ba. Wanda ya kasa kai hannu ga fuska shi ne a cikin wahala, domin ci da alwala da ɗaura rawani duk lanƙwasa suke bukata.

Motsin farko ana yinsa tun hannu yana ɗaure: a dunƙule yatsu a buɗe, a motsa kafaɗa, a ɗora hannun bisa matashi don kumburi ya sauka. Da likita ya ba da izini, sai majinyaci ya kwanta rigingine, ya ɗaga gwiwar ta dubi rufin ɗaki, ya bar tafin ya sauko sannu wajen goshi, sannan ya miƙe shi, lafiyayyen hannu yana tallafawa. Bayan haka ya zauna, ya manne gwiwar a haƙarƙari, ya juya tafin sama kamar mai karɓar canji, ya juya ƙasa kamar mai aje shi. Yin sau 10 a zama ɗaya, zama huɗu ko biyar a yini, ya fi wahalar da hannu sau ɗaya a sati. Ɗumama gaɓar da tsumman ruwan ɗumi kafin a fara yana taimakawa idan kumburi ya riga ya sauka. Ɗaukar nauyi sai daga baya, galibi bayan sati 6 ko fiye, a fara da gorar ruwa mai rabin lita. Buhu da bokiti su jira. Inda akwai ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake kira kine, shi ya fi cancanta ya tsara wannan aiki.

Abin gudu shi ne ƙarfi. Wasu sukan sa ƙato ya danne kafaɗa, wani ya fizgi hannun, ko a yi ta murza da zafi wai don jijiya ta saki. Wannan yana ƙara rauni da kumburi, gaɓar ta ƙara sandarewa. Jin hannu yana ja ba laifi ba ne. Zafi mai soka, ko wanda ya kwana bai lafa ba, alama ce an wuce gona da iri.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida. Idan ɗauri ya matse, ko na asibiti ne ko na maɗori, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka mutu, ko miƙe su ya zama azaba, jini ne ya kasa wucewa. Cikin ƴan awowi tsoka tana iya lalacewa, yatsu su ƙanƙance har abada, abin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881. Mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi ita ma tana son a koma ga likita.

Yara galibi sukan dawo da motsinsu ta hanyar wasa, ba sai an matsa masu ba. Babba kuwa yana iya ganin ci gaba har wata shida zuwa shekara, kuma miƙewa ce take zuwa a ƙarshe. Amma watannin farko su ne masu albarka, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ware wa hannunsa minti goma sau huɗu a yini, shi ne mai komawa rumfa da hannu biyu.