Man "likitan fata" da man kanti: ina bambancin yake?

Jama'a, kasuwar man shafawa ta koma wani abu daban a 'yan shekarun nan. Ko'ina ka leƙa, Facebook ne, TikTok ne, Instagram ne, sai tallan mai da sunan "wannan na likitocin fata ne", kuɗinsa kuma ya ninka na kanti nesa ba kusa ba. To wai da gaske akwai bambanci, ko kwali kawai ake sayar mana?

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai jiran ƙarshen wata. Amma aikin ofis ya koya min cewa ba a auna fayil da kyan bangonsa, abin da ke ciki da wanda ya sa hannu ake dubawa. Haka nake kallon wannan batu. A nawa ganin bambancin yana cikin sinadarin da aka zuba da yawansa. Sunan da aka manna a jikin kwalba bai isa hujja ba.

Mu fara da doka. Hukumar FDA ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa a wajenta abu ko dai magani ne, ko kayan kwalliya, ko ya haɗa duka biyun, babu wani rukuni na musamman a tsakani. Rubutun nan ma na "likitan fata ya gwada" ba shi da wani ma'auni da doka ta gindaya. Likita nawa ne? A jikin mutum nawa aka gwada? Mene ne sakamakon? Kwalin ba ya faɗa. Sannan sau da yawa gida ɗaya ne ke yin su: kamfanin Beiersdorf na Jamus shi ke yin Nivea, shi ke yin Eucerin. L'Oréal na Faransa kuma shi ne mai La Roche-Posay, ya sayi CeraVe a 2017.

Ban ce duk yaudara ba ce fa. Irin waɗannan mayuka galibi ana rage musu turare da kala, abubuwan da kan tayar wa mai laushin fata ƙaiƙayi, wasu kuma an yi musu gwaji mai kyau. Mai fama da borin jini ko ƙurajen fuska zai iya amfana. Amma idan matsalarka bushewar fata ce da kaushi da faso na hunturu, baselin da man kaɗanya za su yi maka aikin, tunda abin da ake nema shi ne a hana ruwan jikin fata tsiyayewa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kada ya ji ya gaza don bai saya wa iyalinsa man ƙasar waje ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. Akwai mayukan da su magani ne na gaske, sai da takardar likita kuma na ƙayyadadden lokaci, amma a wajenmu sun koma kayan kwalliya. Ina nufin masu sitiroyid, waɗanda za ka ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin kwalinsu, da masu haidurokwinon. Su ake matsewa a roba a cakuɗa, a kira shi "haɗin oganik" ko "haɗin amarya", babu jerin sinadarai, babu lambar NAFDAC.

Sati biyu fata ta yi haske, kowa na yabo. Bayan watanni sai ta yi siriri har jijiyoyi su fito, ga nankarwa, ga ƙuraje, ga makero da ya ƙi jin magani, ciwo kuma ya daina saurin warkewa. Yawan shafa sitiroyid mai ƙarfi na tsawon lokaci yana iya shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon suga. Haidurokwinon idan aka daɗe a kansa baƙin tabo yake bari mai wuyar fita, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a man kwalliya tun 2001, Ghana ma ta bi sahu a 2016. Sinadarin makuri kuwa ƙoda yake lalatawa.

Kuma mu maza kada mu ɗauka zancen mata ne kawai. Mu ne masu haɗa lefe, mu ne masu cewa "fara nake so", cikinmu ma akwai masu shafawa a ɓoye.

Shawarata dai: ka juya kwalba ka karanta bayanta kafin gabanta. Duk man da bai faɗi abin da ke cikinsa ba, a bar shi ko da kyauta ne. Wanda ya yi alkawarin haske cikin kwana bakwai, a guje shi. Kada a shafa wa yara irin wannan haɗi, don girman Allah. Idan kuma ciwon fata ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuɗin katin asibiti ya fi kwalba uku ta gwaji sauƙi.

Likitoci da masu harhaɗa magunguna da ke cikinmu, ku ƙara mana haske. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.