KAFIN KA YAR DA CHROME KA KOMA WATA BURAUZA, TSAYA KA JI



Kwana biyun nan da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo min waya a kan maganar burauza ba, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita. Shagona yana nan Kwalkwalawa, bakin titin da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don haka masu tsayawa wurina yawanci ɗalibai ne, sai 'yan kabu-kabu, sai dattawan unguwa masu bin wa'azi da labarai a waya. Kowa da abin da aka gaya mai. Wani an ce mai Chrome ce ke shanye mai data, wani an ce ya saka Brave ba zai sake ganin talla ba har abada, wani kuma abokinsa ya tura mai wata wadda ko sunanta ban taɓa ji ba.

Ni kaina na sauya, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ra'ayina shi ne mafi yawan masu sauyawa suna yi ne ba tare da sun san abin da ke damun wayarsu ba, kuma suna barin kayansu masu muhimmanci a tsohuwar. Sauya burauza kamar tashi daga gida ne zuwa wani gida. Sai ka san abin da ya kore ka, ka kwashe kayanka, sannan kada ka rushe tsohon gidan.

Makon da ya wuce wani dattijo ya zo, ya miƙo min waya ya ce, "Yaro, duba min wayag ga. Kullum sai ta hiddo min jan rubutu wai ƙwayar cuta ta shige ta. Ɗana ya ce sai an sake mata abin shiga intanet." Na ce, "Baba, zauna mu gani." Da na duba, babu wata cuta. Akwai shafukan da in ka shiga suke tambayarka ko ka yarda su riƙa turo maka sanarwa, shi kuma duk wanda ya tambaya sai ya danna "Allow" don rubutun ya kauce mai daga gaba. Shafukan da ya ba izini sun fi goma, su ne ke turo mai ƙaryar cutar don ya tsorata ya danna. Na shiga ɗigo ukun nan na sama a Chrome, na shiga "Settings", sai "Site settings", sai "Notifications", na cire su duka na kuma hana a sake tambayarsa. Ko minti biyar ba mu yi ba. Da na biye wa ɗansa na saka mai sabuwar burauza, nan da wata ɗaya zai dawo da irin wannan kukan, don hannun da ya danna "Allow" a can shi ne zai danna a nan.

Haka maganar data take. Kafin ka ɗora wa burauza laifi, shiga saitin wayarka wurin da ake nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci. A wayoyin da nake dubawa, kusan kullum TikTok ne a sama, ko Facebook, ko WhatsApp saboda sitatus da bidiyon guruf da ke sauka da kansu. Burauza tana can ƙasa. Na san abin yana da ciwo, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa ya koma lissafin megabait. To amma in ramin yana gabas kai kana toshe yamma, ruwa zai ci gaba da zuba.

Wanda ya fi ba ni tausayi wata ɗaliba ce. Wurin ajiyar wayarta ya cika, ƙawarta ta saka mata wata burauza ta ce ta fi sauƙi, sannan ta shiga ta share duk ajiyar Chrome don a sami wuri. Ashe ba ta taɓa haɗa Chrome ɗin da asusunta na Google ba, duk kalmomin sirrinta a cikin wayar kawai suke zaune. Sun tafi. Har da na shafin makaranta da take rijistar kwasa-kwasai. Na ce to a nemi sabuwa ta imel. Ta ce, "Wallahi Malam, imel ɗin mai kafe ne yab buɗe min tun lokacin JAMB, ban san mi yas sa ba." Lambar wayar da aka haɗa da imel ɗin kuma layin ya daɗe da ɓata. Wannan ba gyaran da sukurdireba ke yi ba ne. Sai da ta yi kwanaki tana zarya ofis-ofis, ga rijista ana gab da rufewa.

Shi ya sa nake cewa abu na farko, tun kafin ka sauko da komai, buɗe Chrome ka shiga "Settings" ka nemi "Google Password Manager". Duk kalmar sirrin da ka taɓa adanawa tana nan, za ta nemi lambar buɗe wayarka sannan ta nuna maka. Ka tabbata sunan imel ɗinka yana sama, alamar an haɗa. Muhimman kuma, na imel da na makaranta da na wurin aiki, ka rubuta su a littafi ka ajiye a gida inda ba kowa ke kai hannu ba. Na san wasu za su ce wannan tsohon yayi ne. Ni dai ban taɓa ganin an yi wa littafi kutse daga Legas ba.

Yanzu ga tawa ƙaurar. Firefox na koma, a farkon 2024. Abin da ya ja ni shi ne a watan Disambar 2023 kamfanin Mozilla ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan ekstenshan a Firefox ta Android. Ekstenshan ƙananan manhajoji ne da ake liƙa wa burauza su ƙara mata aiki, kuma Chrome ta waya ba ta karɓarsu, sai ta kwamfuta. Ni aikina kullum cikin neman fayil ɗin filashin nake da zanen allon waya, kuma duk mai wannan sana'a ya san irin shafukan da ake samun su: maɓallin saukewa biyar, huɗu na ƙarya, ka taɓa ɗaya ya jefa ka shafin caca. Da na saka uBlock Origin, maɓallan ƙaryar nan suka ɓace, shafin ya koma buɗewa da sauri ko da sabis ya yi ƙasa, don wayar ba ta ɓata ƙarfinta wurin lodin hotunan talla da bidiyon da ke kunna kansa.

Ranar farko ban ji daɗinta ba, gaskiya. Hannuna ya saba da inda komai yake a Chrome. Sai da na zauna na gyara ta yadda nake so, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma. Na saukar da wurin rubuta adireshi zuwa ƙasan sikirin ta "Customize", saboda wayoyin yanzu dogaye ne, babban yatsa ba ya kai sama in hannu ɗaya na riƙe da ayan ɗin soda. Na shiga "Homepage" na kashe shafukan talla da labaran da take jerawa a fuskar farko. Na mayar da ita baƙa don dare. Sannan akwai wata 'yar alama kamar takarda da ke fitowa kusa da adireshi a shafukan karatu, in ka danna ta sai komai ya kau ya bar maka rubutu zalla, ka ƙara girmansa yadda kake so. Ɗaliban da na nuna wa wannan sun fi yi min godiya a kansa fiye da toshe talla. Ekstenshan kuma biyu kawai na bari. Da farko na zuba kusan takwas don zumuɗi, wayar ta fara nauyi, na gane kowanne ram yake ci, kuma da yawansu izini kake ba su na ganin shafukan da kake buɗewa. Wanda ba ka san mai shi ba, kada ka saka.

Amma Chrome tana nan a wayata, ban kashe ta ba, kuma ban yarda kowa ya kashe tasa ba. Masu gina shafuka da yawa da Chrome suke gwada aikinsu, in ya yi a can shi ke nan. Don haka duk abin da ya shafi kuɗi ko takarda, biyan kuɗin makaranta ta Remita, duba CAPS na JAMB, cike fom ɗin neman aiki, da Chrome nake yi, in ya ƙi in kunna "Desktop site". Mai toshe talla yakan toshe har da ƙaramin shafin da banki ke buɗowa don ka saka lambar tabbatarwa, sai ka ga an cire kuɗi rasit bai fito ba. Burauza biyu, kowace da aikinta, ya fi min kwanciyar hankali.

Ba kowa zan ce ya bi ni Firefox ba. Wanda ba ya son shige-shigen saiti, Brave ta fi dacewa da shi. A kan ginshiƙin Chromium aka gina ta, wanda Chrome ma a kansa take, don haka hannunka ba zai yi baƙunta ba, kuma tana zuwa da abin toshe talla a kunne. Tana da wani tsari na lada da kuɗin kirifto, ni dai ina ɓoye wa kwastoma shi don kada ya rikice. Mai Samsung kuma ya duba Samsung Internet da ke cikin wayarsa, tana karɓar masu toshe talla, ba sai ya je nesa ba.

In kuma wayarka mai ram 2GB ce ko ƙasa da haka, ko kana zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, to maganar gaskiya Opera Mini ce abokiyar tafiyarka. Da can Chrome tana da nata tsarin rage cin data, amma Google ya cire shi a 2022 lokacin da Chrome ta kai lamba 100. Opera Mini kuwa yadda take aiki shi ne, in ka nemi shafi, sai ya fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin Opera su matse shi ya ƙanƙance, sannan su turo maka. Shi ya sa take buɗe labarai ko a sabis mai rauni. Sai dai ka gane ma'anar hakan: in ka sa ta a matakin matsewa mafi tsanani, akwai mai tsayawa tsakaninka da shafin, kuma wasu fom-fom ba za su yi aiki daidai ba. Karanta labarai da sakamakon ƙwallo da ita, harkar banki ka koma Chrome ko manhajar bankin.

'Yan uwana 'yan mainin, ku ma ga taku. Na san da yawanku Kiwi kuka saka don tana karɓar ekstenshan ɗin Chrome, kuna liƙa walat a ciki. Mai Kiwi ya daina sabunta ta tun Janairun 2025. Burauzar da ba a sabuntawa kamar ƙofa ce da aka san makullinta ya lalace ba a sake ba, kullum ana gano sababbin ramuka, ita kuma ba mai toshe mata. A ce dukiyarka tana cikin irin wannan, ni ban ga dabara ba. Ka tabbata kalmomin dawo da walat ɗinka suna rubuce a takarda, sannan ka nemi wadda ake kula da ita.

Wadda kuma nake roƙo don Allah a bari ita ce burauzar da aka turo a guruf ko aka tura maka ta Xender, wai an yi mata gyara tana ba da data kyauta. Duk abin da ka rubuta a intanet ta cikin burauza yake wucewa, har lambar katinka. Wanda ya zauna ya buɗe manhaja ya sake ɗinke ta ya raba kyauta, mi yaka nema? Play Store kawai, kuma ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar, don akwai masu kwaikwayon tambari.

Akwai wani abokina mai ɗan shafin labarai na Hausa da muka yi musu da shi a kan wannan. Ya ce, "Kai kana koya wa mutane toshe talla, mu kuma da mi za mu sayi data mu rubuto muku?" Kuma yana da gaskiya. Yawancin shafukan Hausa da muke karantawa kyauta, tallar nan ce abincinsu. Ban da amsar da za ta gamsar da shi gaba ɗaya, don ba zan ce wa mai datar naira ɗari biyu ya ƙone ta a kan bidiyon caca ba. Abin da nake yi dai, uBlock Origin da Brave duk suna ba ka dama ka kashe toshewar a shafi guda ka bar ta a sauran. Shafukan da nake karantawa kullum kuma tallarsu ba ta wuce gona da iri ba, na buɗe musu. Wanda ya rufe min rubutu da talla uku kafin in karanta layi ɗaya, yana toshe.

In ka gama zaɓe, saura abu ɗaya da ake mantawa. Shiga saitin waya, "Apps", sai "Default apps", sai "Browser app", ka zaɓi sabuwar, in ba haka ba duk link ɗin da aka turo maka a WhatsApp tsohuwar ce za ta ci gaba da buɗe shi. Sunayen kan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung, amma in ka rubuta "default" a wurin bincike na saitin zai fito. Facebook kuma da tasa burauzar ta cikin gida yake buɗe link, don haka in kana son shafin ya buɗe a taka, sai ka danna ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi buɗewa a waje.

Baban nan mai jan rubutu ya sake biyowa shekaranjiya zai shiga gari. Chrome ɗinsa ce dai har yanzu, abin da na ƙara mai kawai girman rubutu. Ya tsaya daga kan mashin ya ce jan rubutun bai sake hitowa ba, sai dai yanzu cajin ne ba ya zama. Wannan kam batir ne, na ce ya kawo ta ran Asabar.