Kafin Mu Rataye Fulawa a Baranda, Mu San Sunanta



Wani sabon yayi ya shigo gidajenmu. Ana sayen fulawa a bakin titi, irin mai gaɓa-gaɓa ɗin nan da ba ta da ganye sosai, a dasa a roba, a rataye a baranda tana zubo da rassa ƙasa. Ado ne, ba mu ce laifi ba ne. Amma ka tambayi mai gidan sunanta, sai ya ce "kaktus ce". Maƙwabci ya ce ɗaɗɗori ne, wani ya ce ai ƙaran masallaci ne, har da mai ba da shawarar a jiƙa a sha.

Nan ne damuwarmu take. Kama da wane ba wane ba ne.

Kaktus na gaskiya asalinsa nahiyar Amurka ne. Ƙayarsa tana fitowa ne daga wasu 'yan ɗigo masu gashi-gashi a jikinsa, kuma yawancinsa idan an karya, ruwansa garau yake. Amma a ƙasarmu akwai masu kama da shi da ba danginsa ba ne: tinya, ƙerana da aguwa, waɗanda iyayenmu ke shinge da su a Arewa. Waɗannan da an karya sai farin nono ya tsatso. Nonon tinya yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Ɗaɗɗori kuwa yaɗo yake yi, kararsa mai kusurwa huɗu, yana da 'yan zare da yake kama shinge da su.

A ƙauye, yaro tun yana bin awaki ake nuna masa wanda zai guje wa. Yaranmu na Legas ba su samu wannan ba, ga shi gidajen haya muke zaune, tsakar gida ɗaya, yara goma. Reshen da ya zubo ƙasa daidai hannun mai rarrafe yake.

Shawararmu ita ce, duk wanda ya sayi irin wannan fulawa ya sa leda a hannu, ya karyi ɗan reshe nesa da fuska. In ya ga farin nono, ya ɗaga ta inda yaro ba ya kaiwa, ko ya haƙura da ita. Kada a sha abin da ba a tabbatar da sunansa ba. In nonon ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a garzaya asibiti. Ga LUTH nan a Idi-Araba.

Sannan mu riƙa tambayar dattawanmu. Tun a 1916 wani Bature likita, Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa a littafi. Abin kunya ne a ce baƙo ya adana su, mu jikokin masu sunayen mun manta.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.