Kifin Kwali a Bakin Ruwan Legas

Ƙanena ne ya kafe. "Yaya, wallahi ba za ku koma Kano ba sai Hajiya ta ci kifi a bakin ruwa." Sunan 'yarsa ya kai mu Legas, mu tara har da yara. Na so in kawo uzuri, sai na ga fuskar Hajiya mahaifiyarmu ta washe. Ita 'yar Yawuri ce, a bakin Kwara ta tashi, ta san giwan ruwa da ragon ruwa tun kafin a sa ta makarantar allo. Shekara arba'in tana Kano tana cin banda, kullum tana mitar rabonta da kifin kirki.

Awa biyu muka ci a cunkoso kafin mu isa Lekki. A ƙofar gidan abincin aka ce mu dakata, teburan da ke daf da ruwa na waɗanda suka kama tun jiya ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi minti arba'in a tsaye, ba wanda ya ce mata ga kujera. Kiɗa kuwa sai ka ce gidan gala, in za ka yi wa matarka magana sai ka kafa baki a kunnenta. Da na ga magariba za ta wuce na tambayi wurin salla, yaron da ke hidima ya yi mini kallon wanda ya zo bara. Wani maigadi Basakkwace ne ya ja ni bayan janareta, ya ba ni buta, ya warware wani kwali ya shimfiɗa mini.

Da na sallame sai idona ya faɗa kan rubutun kwalin. Kwalin daskararren kifi ne, ga hoton kifin, ga nauyinsa, ga sunan wata ƙasa ta Kudancin Amurka. A gefe an jibge irinsa sun fi ashirin. Na dubi maigadi. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ni dai ƙofa aka ce in tsare."

Ban gaya wa kowa ba. Ashe ma ba sai na faɗa ba. Da aka kawo abincin bayan wata awa guda, kifi kwance a faranti an lulluɓe shi da attaruhu da albasa, Hajiya ta yi bisimilla, ta danna tsokar da yatsa, ruwa ya tsatso. Ta ɓare wajen ƙaya ta shinshina. Sannan ta dubi ƙanena ta ce, "Auta, wannan gawar ta girmi jaririyar da muka zo suna."

Yara suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, har yau kuma ban huce ba.

Ba cin kifin ƙanƙara ne ya ɓata mini rai ba. Titus da kwanon shinkafa sun raini rabin ƙasar nan, kuma hukuma da bakinta ta sha faɗin cewa Najeriya na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Kowa ya san ragowar ta jirgi take zuwa. Mai tuyar kifi a Sabon Gari ba ta taɓa ce mini da asuba aka kamo nata ba. Amma a nan an rubuta a takardar abinci cewa kamun yau ne, an zaunar da ni ina kallon ruwa don zuciyata ta ƙarasa musu ƙaryar, sannan aka caje ni kuɗin ƙaryar. Wannan ba ciniki ba ne, damfara ce da aka kunna wa fitilu.

Kuma ina masuntan da ya kamata su kawo kamun yau ɗin? Ai an kore su. Nan kusa da inda muka zauna a da akwai wani ƙauyen masunta, Otodo Gbame, mafi yawansu Egun, da suka gaji su daga iyaye. A watan Nuwamban 2016 wuta da katafila suka tashe shi, ƙungiyar Amnesty ta ce mutum kusan 30,000 suka rasa matsuguni. A 2017 aka koma aka ƙarasa sauran, mutane suka kwana cikin kwale-kwale da jarirai. A watan Yunin shekarar babbar kotun Legas ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. To, sai me? Wa ya mayar musu da ƙauyensu? Makoko ta ɗanɗana nata a 2012 da wa'adin awa 72. Mutanen Tarkwa Bay sojan ruwa ya tashe su a Janairun 2020. Bar Beach, inda talaka ke kai 'ya'yansa ranar salla su ga teku, yashin Eko Atlantic ya binne ta. Abin da ya rage na tafkin Legas kuma masu haƙar yashi na yashe gindinsa dare da rana, leda da robar lemo suna iyo a sama.

Wato an raba ruwa da masu shi, an kewaye gaɓa da katanga, an shigo da kifi daga wata uwa duniya, sannan a ce in zo in biya kuɗin shan iska. A Yawuri ko Argungu, wa ya isa ya buɗe gidan kifi a bakin kogi bai san sunan Sarkin Ruwa ba?

Sai takardar kuɗi. Farashin da muka gani a farko ashe buɗe taro ne. An ɗora harajin VAT kashi 7.5, wanda ya hau haka tun 2020. An ɗora kashi 5 na jihar Legas, harajin ci da sha da dokar 2009 ta kawo. An ƙara kashi 10 wai ladan hidima. Wace hidima? Ta barin uwata a tsaye? Jimilla kashi 22.5 a kan abin da aka nuna mini, duk a ƙasan takarda da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Na tambayi yarinyar da ta yi ta zirga-zirga a kanmu ko kashi goman nan yana isa hannunta. Ta waiga ta dubi manaja, ta sunkuyar da kai. Ba da ita nake ba, ba kuma da mai gashi da ke shan hayaƙi a baya ba. Da masu wurin nake, da hukumomin da suke da idon ganin kashi biyar ɗinsu amma ba su da idon ganin kwali.

Laifinmu ma yana nan. A teburin da ke kusa da mu wani Alhaji ya ɗauki farantinsa hoto ta kusurwa uku kafin ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya biya, ya fita yana godiya. Kunya ke kashe mu. Gani muke in ka yi ƙorafi za a ce ba ka saba ba, ko aljihunka ne ya yi kuka. Ni ma na biya, kuɗin da zai sayi buhun shinkafa har da canji, saboda ƙanena ya fara laluba aljihu kuma ba zan bari ba.

Muna tashi sai ga wani kwale-kwale ya ɓullo daga duhu, dattijo da yaro, ƙaramar fitila a goshin yaron, koma a naɗe a tsakiya. Hajiya ta dafa ƙarfen baranda ta leƙa. "Ka gani? Akwai karfasa a ciki, tana motsi. Tambaye shi nawa." Kafin in buɗe baki wani mai baƙin kaya ya dalle su da tocila, ya daka musu tsawa su matsa, suna ɓata wa baƙi hoto.