Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Howard Webb, Shugaban Alƙalan Wasan Firimiyar Ingila

Yallaɓai,

Ina so ka faɗa mana wace irin ƙeta ce ke jawo jan kati a gasarku, don mu masu kallo mun kasa ganewa.

Ranar 30 ga Satumba 2023, Curtis Jones na Liverpool ya taka ƙwallo, ƙafarsa ta zame ta sauka a kan ƙwaurin Yves Bissouma na Tottenham. Alƙalin wasa Simon Hooper ya ba shi katin gargaɗi. Sai VAR ta kira shi, abin da ya fara cin karo da shi a allon kuwa hoto ne tsayayye na takalmi a kan ƙafa, nan take kati ya koma ja. To, mun yarda. Kwana takwas kacal bayan haka, Mateo Kovacic na Manchester City ya sari Martin Odegaard ta baya, bai daɗe ba ya sake kwashe Declan Rice, amma Michael Oliver ya bar shi a fili. Kai da bakinka ka ce ya yi sa'a.

A Janairun 2025 Oliver ɗin nan ne ya kori Myles Lewis-Skelly na Arsenal a gidan Wolves, VAR ta goyi baya, daga bisani aka soke katin da aka ɗaukaka ƙara. A Afrilu James Tarkowski ya kusa karya Alexis Mac Allister, gargaɗi kawai ya samu, washegari hukumarka ta ce ai ja ya kamata. Me amincewar washegari za ta amfana wa ƙungiyar da aka zalunta jiya? Ko a kasuwa, wanda ke saye da wani mudu yana sayarwa da wani ba ya daɗewa da abokan ciniki.

Ka san ciwon nan fiye da kowa. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2010, Nigel de Jong ya dira wa Xabi Alonso takalmi a ƙirji, ka ɗaga katin gargaɗi saboda ba ka gani da kyau ba. Lokacin ba ka da allon dubawa. Alƙalanka suna da shi tun 2019, ba su da wannan uzurin.

Roƙona shi ne a riƙa nuna wa alƙali ƙetar da saurinta na ainihi kafin a tsayar masa da hoto, a kuma saki maganar ɗakin VAR a kan kowane hukuncin jan kati da zarar an tashi wasa, kada a jira sai kun zaɓo waɗanda kuka ga dama a shirin talabijin. Mu da ke biyan kuɗin shiga gidan kallo duk mako muna da haƙƙin jin dalili.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai kallon Firimiya daga Kano