Kare Ma Halittar Allah Ne

A hutun damina da ya wuce na tarar da yara a bakin rafi suna jifan wani ɗan kwikwiyo. Ƙafarsa guda ta karye, haƙarƙarinsa duk a waje. Da gani ruwa biyu ne, jinin karen kiwo da na gida, wanda makiyaya suka tashi suka bari. Na kori yaran, na ɗauko shi.

Da Baba ya gan shi sai ya ce, "Kai, fitar mini da ƙazantar nan!" Na yi ta roƙo har ya yarda ya zauna a turken awaki.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a ganina ba mu kyauta wa karnuka. Musulunci ya halatta ajiye kare don kiwo, ko farauta, ko gadin gona. Kuma mun karanta hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Gaskiya ne haukan kare cuta ce mai kisa. Amma jifa ba ya maganinta, sai allurar rigakafi wurin likitan dabbobi. Mu mun yi wa namu.

Yanzu shi ke koro awakinmu gida da almuru, da dare kuwa ɓarawo bai isa ya matso ba. Baba da kansa ke ajiye masa ƙanzo. Lalle alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa mu gane, amin.